Yadda za ka gane ko kulob ɗinka na besbol gini yake yi ko wasa da hankalinka ake: abin da Boston Red Sox ta koya wa magoya bayanta

Duk wanda yake goyon bayan Boston Red Sox daga 2020 zuwa yau ya san abin da ake cewa ciwon rai. Kulob ne da ya ci wasa 108 a kakar 2018 ya ɗauke kofin World Series, wato babban kofin besbol na Amurka, yana da Mookie Betts wanda shi ne gwarzon ɗan wasa na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babban lig ɗin, a wannan shekarar, yaron da su suka rene shi tun yana ƙarami, amma ko shekara biyu ba a yi ba, a watan Fabrairun 2020, suka tattara shi suka miƙa wa Los Angeles Dodgers. Daga nan Xander Bogaerts ya tafi, aka ba da Chris Sale, sai kuma Rafael Devers a 2025. Kuma in kana bin Firimiya ka san mai gidan ai, John Henry ne, shi da kamfaninsa Fenway Sports Group waɗanda suka sayi Liverpool a 2010. Ƴan Liverpool ma sun sha yin irin wannan kukan.

To fushi dai dole a yi shi, ba wanda zai hana ka. Abin da nake so in nuna maka shi ne yadda za ka tantance wane ciniki ne ya cancanci zagi wanne ne bai cancanta ba, da kuma wa ya kamata ka zaga, don sau da yawa mutane suna huce haushi a kan koci ko darakta alhali mai laifin yana can zaune a ofis ba wanda ya taɓa shi.

Fara da cire lissafin ƙwallon ƙafa daga kanka

Wannan shi ne na farko kuma in ba ka yi shi ba duk sauran ba za su shiga ba. A besbol na Amurka ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wani kulob irin yadda Chelsea za ta ajiye miliyan ɗari ta ɗauko mutum. Musaya ake yi, ka ba ni ɗan wasa in ba ka ɗan wasa, wani lokaci a ɗora kuɗi a kai don a rage wa ɗaya ɓangaren nauyin albashi. Kulob 30 ne, kowa yana buga wasa 162 a kaka, 12 ne ke zuwa zagayen neman kofi tun daga 2022, kuma ba a faɗuwa zuwa rukuni na ƙasa. Ka riƙe wannan da kyau, ba a faɗuwa. Mai kulob zai iya ƙarewa na ƙarshe shekara biyar a jere kuma ba abin da zai same shi, kuɗin talabijin zai shigo, rabon da manyan kulob ke ba ƙanana zai shigo, darajar kulob ɗin ma ƙaruwa take yi. Shi ya sa rowa ta fi sauƙi a can, ba abin da ke tsorata mai rowa.

Sai maganar shekarun mallaka, wadda ita ce zuciyar komai. Yaro in ya shigo babban lig, kulob ɗinsa yana riƙe da shi har sai ya cika shekara 6 yana aiki kafin ya samu ƴancin zuwa inda yake so. Shekara ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake ba shi, wanda a 2025 dala 760,000 ne, ko da kuwa shi ne ya fi kowa iya wasa a duniya. Shekara uku na gaba albashin yana hawa ta hanyar masu sasanci, ɗan wasa ya faɗi nasa kuɗin kulob ya faɗi nasa, in ba su daidaita ba alƙalai su zaɓi ɗaya. Bayan shekara shida ne yake shiga kasuwa ya samu kuɗi na gaske. Kuma kwana 172 ne ake ƙirga wa shekara guda, shi ya sa za ka ga ana ɓoye yaro a ƙaramin lig na sati biyu da sunan wai bai gama nuna ba. Chicago Cubs sun yi wa Kris Bryant haka a 2015, ya ƙare kakar da kwana 171, kwana ɗaya tak ya hana shi shekara, suka samu ƙarin kaka guda a kansa.

Saboda haka duk sanda ka ji an yi musaya, tambayarka ta farko ba wa ya fi wa iya wasa ba ce. Tambayar ita ce, shekara nawa ta rage wa kowanne, kuma nawa ake biyansa.

Gwada shi a kan Betts

Lokacin da aka ba da Betts kaka ɗaya ce ta rage masa, albashinsa na 2020 dala miliyan 27. Ba su daidaita a kan sabon kwantiragi ba. To hujjar masu kulob ita ce gara a karɓi wani abu yanzu da ya tafi a banza. A takarda wannan magana ce mai ma'ana, ba zan ce ba ta da ita ba. Amma sai ka duba abin da aka karɓo da kuma abin da aka haɗa shi da shi. An haɗa shi da David Price, mai jifa wanda sauran kuɗin kwantiraginsa dala miliyan 96 ne, Boston ta ɗauki biyan rabi Dodgers rabi. Ka ga duk sanda aka liƙa wa gwarzo wani mai tsadar albashi, to abin da za a ba ka a madadinsa raguwa yake yi, don ɗaya ɓangaren sun riga sun biya ka ta hanyar ɗauke maka kaya. Aka karɓo Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. Verdugo ya yi shekara huɗu yana wasa daidai gwargwado aka tura shi New York Yankees, manyan abokan hamayyar Boston, a ƙarshen 2023, Downs an sallame shi a Disambar 2022 ba tare da ya tsinana komai ba, Wong ne kaɗai ya zauna a matsayin mai cafke, wato wanda ke tsugunawa bayan mai duka yana cafke jifa. An sayar da saniya mai ba da nono an sayo maruƙa uku, ɗaya ya mutu, ɗaya aka sayar, ɗayan kuma har yanzu ana jiran ya yi ƙiba.

Betts kuwa ko wata shida bai yi ba ya sa hannu da Dodgers na shekara 12 a kan dala miliyan 365, ya ci kofi da su a 2020, ya sake ci a 2024, ya ƙara a 2025. Boston ta ƙare ta ƙarshe a rukuninta a 2020 da 2022 da 2023. Wannan cinikin in ka zage shi ba ka yi laifi ba wallahi, ka zage shi da hujja. Kuma tsofaffin magoya baya suna da dalilin jin tsoro, wannan kulob ɗin ne dai ya sayar wa Yankees da babban tauraronsa Babe Ruth bayan kakar 1919, daga 1918 ba su sake ganin kofi ba sai 2004, shekara 86.

Koyi karanta harajin, don da shi ake rufe maka baki

Besbol ba ta da iyakar albashi irin wadda ake da ita a ƙwallon kwando ko sauran wasannin Amurka, kuma ba ta da mafi ƙaranci da dole sai kulob ya kashe. Abin da take da shi haraji ne da ake ɗora wa wanda jimillar albashinsa ta wuce wani layi. Layin a 2020 dala miliyan 208 ne, 2022 ya koma 230, 2023 ya zama 233, 2024 ya zama 237, 2025 kuma 241. In ka wuce karo na farko za ka biya kashi 20 cikin 100 na abin da ya haura layin, ba na duka albashin ba fa, na rarar kawai. Shekara ta biyu a jere kashi 30, ta uku kashi 50. Akwai ƙarin tara in ka yi nisa sosai, kuma in ka wuce da miliyan 40 ana mayar da zaɓinka na farko a zaɓen sababbin yara baya da mataki 10. In ka sauko ƙasa da layin na shekara ɗaya, lissafin ya goge ka koma daga farko.

To yi lissafi da kanka. A ce kulob ya wuce layi da miliyan 15 a karo na uku, harajinsa miliyan bakwai da rabi ne. Kuɗi ne, ba wasa ba, amma ga kulob irin Boston da yake cika filinsa na Fenway Park da tikiti mai ɗan karen tsada kuma yake da kaso mafi tsoka na tashar talabijin ɗin da ke nuna wasanninsa, NESN, wannan kuɗin ɗan wasan benci ne. Boston ta wuce layi a 2018 da 2019, sai a Satumbar 2019 John Henry ya fito ya ce suna bukatar su sauka ƙasa da layin a kaka mai zuwa, bayan an kori Dave Dombrowski, shugaban sashen besbol mai kula da ciniki, wanda ya haɗa masu tawagar da ta ci kofi. Daga baya wasu a kulob ɗin suka ce ai buri ne ba umarni ba. Wata biyar bayan haka Betts ya tafi. Kai ka haɗa.

Abin da nake nufi, in ka ji an ce ba za mu iya ba saboda haraji, fassara shi a ranka da ba mu so. Wani lokaci rashin so ɗin yana da dalili mai kyau, amma zaɓi ne, ba dole ba ce.

Wani abu kuma, harajin ba da abin da aka biya ɗan wasa a shekarar ake lissafa shi ba, da matsakaicin kwantiragin ake yi, wato jimilla a raba da shekaru. Nan ne masu wayo ke wasa. Shohei Ohtani ya sa hannu da Dodgers a Disambar 2023 na shekara 10 a kan dala miliyan 700, amma miliyan 2 kacal yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai bayan kwantiragin ya ƙare za a riƙa biyansa, kuma da yake kuɗin da aka jinkirta ana rage darajarsa a lissafin haraji, wajen miliyan 46 ake ƙirga masa a shekara ba 70 ba. Doka ta yarda, kowa zai iya yi, su ne suka samu ɗan wasan da ya yarda. Ƴan Chelsea ku ma kuna da dangantaka a nan, Todd Boehly yana cikin masu hannun jari a Dodgers.

Inda za ka duba waɗannan alƙaluma ba wuya. Shafin Spotrac da Cot's Contracts suna da kwantiragin kowa, FanGraphs yana da jerin ƴan wasan kowane kulob da albashinsu da shekarun da suka rage masu, Baseball-Reference kuma yana da tarihin wasan kowa. Kyauta ne yawancinsu. Minti goma a can ya fi maka awa uku kana musu a Twitter da wanda bai taɓa buɗe su ba.

Bi sawun kuɗin da aka ce an adana

A wurina wannan shi ne babban ma'auni, ya fi duk sauran. Ba da ɗan wasa mai tsada ba laifi ba ne shi kaɗai. Laifin yana wurin abin da aka yi da kuɗin daga baya. Don haka ranar da aka yi cinikin rubuta adadin da aka ce an sauke, ka ajiye, bayan shekara ɗaya ko biyu ka dawo ka duba jimillar albashi. Ta koma inda take ko ta zauna a ƙasa? In ta koma, a kan wa aka kashe?

Boston ita ce ta fi kowa kashe kuɗi a 2018. Bayan Betts sai ta zame ta koma tsaka-tsaki, kuma abin da ya fi ƙona rai shi ne ko kuɗin da aka kashe ɗin ba su tafi inda ya kamata ba. An ba Trevor Story miliyan 140 na shekara 6 a Maris 2022, rauni ya cinye masa mafi yawan wasannin shekara ukun farko. An ba Masataka Yoshida miliyan 90 na shekara 5, mutumin ya iya duka amma tsaron fili sai a hankali, ya ƙare kusan a mai duka kawai. Haɗa su biyun ka ga miliyan 230, a lokacin da aka bar Bogaerts ya tafi San Diego Padres. Shi dai Bogaerts, gaskiya, miliyan 280 na shekara 11 da Padres suka ba shi ya yi yawa ga mutumin da ya kai shekara 30, ni ban ga laifin wanda ya ƙi biyan wannan ba. Laifin tun kafin nan ne, lokacin da za a iya ɗaure shi da ƙasa da haka aka tsaya ana yi masa tayin raini.

Sai kakar 2022 wadda ita ce misalin rashin alƙibla. Lokacin rufe kasuwar musaya, wajen ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, kulob yakan zaɓi ɗaya, ko ya saya don neman kofi ko ya sayar don gaba. Su sai suka yi rabi da rabi, suka ba da Christian Vázquez suka kuma ɗauko wasu, suka ƙare na ƙarshe kuma duk da haka suna saman layin haraji da ɗan kaɗan, wanda hakan ya rage darajar zaɓin diyya da aka ba su a zaɓen sababbin yara da Bogaerts ya tafi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In kulob ɗinka ya yi irin wannan, wannan kam na darakta ne, kana iya sauke masa.

Yanzu maganar Devers tana kan wannan ma'aunin. A Janairun 2023, bayan magoya baya sun yi wa Henry ihu a bainar jama'a, aka ba shi miliyan 313.5 na shekara 10. A Fabrairun 2025 aka ɗauko Alex Bregman wanda wurin da suke tsaro a fili ɗaya ne, tasha ta uku, aka ce wa Devers ya ajiye safar hannu ya koma duka kawai, ya yi ƙorafi ya yarda. A watan Mayu Triston Casas mai tsaron tasha ta farko ya ji rauni aka dawo aka ce wa Devers ya koma can, ya ce a'a kuma ya faɗa a gaban ƴan jarida. Ranar 15 ga Yuni, bayan sun gama lallasa Yankees wasa uku a jere kuma shi kansa ya ci maki da dukan da ya tsallake katangar fili a ranar, aka sanar an tura shi San Francisco Giants, su kuma suka ɗauki sauran kuɗinsa wajen miliyan 250. A satin ne kuma Liverpool ke kammala sayen Florian Wirtz a kan fam miliyan 100 da ɗoriya, sai gari ya ɗauka wai an sayar da Devers ne aka sayo Wirtz. Dan Allah kar ka shiga wannan layin, ba wanda ya kawo hujjar cewa kuɗin nan ne suka tsallaka teku, kuma in ka riƙe magana mara hujja sai a yi amfani da ita a watsar da mai hujjar. Tsaya a kan tambayar da ba za su iya kauce mata ba, ina miliyan 250 ɗin, wa aka ɗauko da su? Musamman da yake Bregman ɗin da aka yi rigimar saboda shi ya yi amfani da damar da ke cikin kwantiraginsa ya fice bayan kaka ɗaya.

Kar ka yanke hukunci da wuri, kar kuma ka yanke shi da sakamako kaɗai

Ga wanda zai ba ka haushi amma dole a faɗa. Chris Sale an tura shi Atlanta a Disambar 2023 har da ɗorin dala miliyan 17, aka karɓo Vaughn Grissom. Sale ya je ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2024, Grissom bai yi komai ba. Kowa ya ce an yi wauta. To amma tsakanin 2020 da 2023 Sale kusan a asibiti ya zauna, tiyatar gwiwar hannu, karayar haƙarƙari, karayar yatsa, har faɗuwa a keke ya yi ya karya wuyan hannu. Ranar da aka yi cinikin mutane da yawa hamdala suka yi. Irin wannan ihu bayan hari ne. Auna ciniki da abin da aka sani ranar da aka yi shi, sannan ka auna sakamako daban, kar ka cakuɗa su. Na Betts tun ranar farko an san rowa ce. Na Sale caca ce da ta ƙi ci.

Haka ma yaran da ake ta yi maka alkawari da su. Duk kulob ɗin da ba ya son kashe kuɗi zai ce maka ka yi haƙuri akwai yara a gona, wato a ƙananan lig inda ake renonsu. Ka tuna Yoán Moncada, shi ne ake sa wa a sahun farko na yara masu tasowa a duk besbol lokacin da Boston ta ba da shi ta karɓo Sale daga Chicago White Sox a 2016, bai taɓa zama abin da aka yi zato ba, Sale kuwa shi ya jefa ƙwallon ƙarshe da aka ci kofin 2018. Yaro alkawari ne kawai har sai ya buga. Amma kuma wani lokaci alkawarin yana cika, Roman Anthony ya fito a 2025 ya yi abin mamaki har aka ɗaure shi da miliyan 130 na shekara 8, kuma Chaim Bloom, magajin Dombrowski, ɗin da aka yi ta zagi har aka kore shi a Satumbar 2023 shi ne ya zaɓo shi. Sannan Craig Breslow da ya gaje shi ya kwashi yara huɗu ya ba White Sox ya karɓo Garrett Crochet a Disambar 2024, ya ba shi miliyan 170 na shekara 6, Crochet ya fi kowa fitar da masu duka a 2025 da 255, kulob ya ci wasa 89 ya shiga zagayen kofi kafin Yankees su fitar da su. Wannan shi ne yadda ake amfani da gona, ka reni yara, ka riƙe na riƙewa, ka sayar da sauran a sayo abin da ake bukata yau. In an yi daidai ka faɗa, don in kullum zagi ne ba wanda zai saurare ka ranar da kake da gaskiya.

In kana son ma'auni guda na kwatanta ƴan wasa, nemi abin da ake kira WAR a waɗancan shafukan, yana ƙiyasta wasa nawa ɗan wasa ya ƙara wa kulob a kan wanda za a iya ɗaukowa daga ƙaramin lig a maye gurbinsa. 2 ɗan wasa ne na yau da kullum, 5 tauraro ne, 8 zuwa sama gwarzon shekara. Betts ya haura 10 a 2018. Ba wahayi ba ne, shafukan ma suna saɓa wa juna a lissafi, amma ya fi ka ce kawai ni dai ina son sa.

San wa ke riƙe da me

Koci, wanda suke kira manaja, shi ke jera ƴan wasa da canza masu jifa, ba shi ke ciniki ba. Shugaban sashen besbol shi ke musaya da sa hannu, amma a cikin kasafin da aka yanka masa. Mai kulob shi ke yanka kasafin. Boston ta ci kofi huɗu a ƙarƙashin Henry, 2004 da 2007 da 2013 da 2018, wannan ba a ƙwace masa, amma ka lura da yadda ake canza shugabannin sashen duk bayan shekara huɗu ko makamancin haka, Ben Cherington, Dombrowski, Bloom, kowa a sauya shi da laifin aiwatar da abin da aka ɗauke shi ya yi. Dombrowski an kawo shi ya kashe kuɗi ya ci kofi, ya yi, aka ce ya kashe da yawa. Bloom an kawo shi ya rage kuɗi ya gina gona, ya yi, aka ce ba ya cin wasa. A ƙarshen 2023 shugaban kulob Tom Werner ya yi alkawarin za su taka totur har ƙasa a kasuwa, aka gama kasuwar ba wani babban kamu. In salon bai canza ba bayan an canza mutum uku, to ba daga su ba ne.

Ba kuma ina cewa kuɗi ne ke sayen kofi ba. New York Mets sun fi kowa albashi a 2023 suka ci wasa 75 kacal, Tampa Bay Rays kuma daga 2019 zuwa 2023 duk shekara sai da suka je zagayen kofi da albashin da bai kai rabin na manya ba. Kuɗi yana sayen damar yin kuskure ne, in ka ɗauko wanda bai yi ba ka iya ɗauko wani. Kuma akwai bambanci tsakanin kulob da ya rushe don ya sake gini, irin Houston da suka sha kashi sama da 100 sau uku a jere daga 2011 zuwa 2013 sannan suka zama ƙarfi, da kulob da ginin nasa ba ya ƙarewa irin Pittsburgh Pirates, inda magoya baya suka gaji suna rera wa mai kulob ɗin, Bob Nutting, ya sayar da shi. Hanyar ganewa, duba in yaran sun nuna ana ɗaure su da kwantiragi kuma ana ƙaro masu taimako daga kasuwa, ko kuwa da sun kusa fara cin albashi mai kauri sai a sake musanya su da wasu yaran.

To me za ka iya yi da fushin

Kaɗan ne gaskiya, musamman mu da muke kallo daga nesa, wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a Boston sha biyun dare ne a Kano da Zinder. Waɗanda ke can suna da tikiti da kuɗin tashar talabijin da za su iya janyewa, kuma ihu a fili yana aiki wani lokaci, kwantiragin Devers ya zo ne a daidai lokacin da ake yi wa Henry ihu. Amma kar ka ɗauka kullum yana ci. Magoya bayan Oakland Athletics sun yi dafifi a filin wasa a Yunin 2023, sama da mutum 27,000 sanye da riguna masu cewa a sayar, don su nuna wa mai kulob ɗin, John Fisher, cewa ba su ne matsalar ba. Bai sayar ba, ya kwashe kulob ɗin bayan kakar 2024 zuwa Sacramento a kan hanyarsa ta zuwa Las Vegas.

Abin da ke hannunka shi ne kar ka sayi riga mai sunan ɗan wasan da shekara ɗaya ta rage masa ba a sabunta ba, kar ka hana kanka barci a kan jita-jitar watan Disamba don rabinta wakilan ƴan wasa ne ke sakinta su ɗaga farashi, kuma in kulob ya nuna maka a Yuli cewa ya haƙura da kakar to kai ma ka rage kwana a kansa, kalli taƙaitaccen bidiyo da safe ya ishe ka. Sannan ka sa ido a kan 1 ga Disambar 2026, ranar da yarjejeniyar masu kulob da ƙungiyar ƴan wasa ke ƙarewa. Masu kulob da dama suna son a sa iyakar albashi, ƙungiyar ƴan wasa kuma ba ta taɓa yarda da ita ba, a kanta ne aka yi yajin aikin 1994 har aka fasa World Series na shekarar. Duk abin da aka cimma a can, layin haraji da shekarun mallaka da na yi ta bayani za su iya canzawa, sai ka sake buɗe shafukan nan ka gyara lissafinka.